Kiran waya ta intanet: yadda ake gane manhajar da za ta haɗa gida da ƴan ci-rani

Duk shekara da zarar an gama kaka, samari sun kama hanyar Kano, Ikko, Agadas, Libiya ko Aljeriya, tambaya guda ce ke yawan dawowa: wace manhaja ce, wato aplikasiyo, ta fi dacewa a kira gida da ita? Wani ya ce WhatsApp, wani ya ce IMO. Wani kuma a wurin aikinsa aka ba shi ƴar takarda mai lambobi, aka ce ya nemo manhaja mai SIP da G.729, ya riƙe takardar ya rasa inda zai dosa. Shi ya sa muka tara bayanin wuri ɗaya, wanda ya buƙata ya dawo ya duba.

Sunan manhaja ba shi ne abin da ake fara dubawa ba. Kira ba ya haɗuwa sai mai kira da mai amsawa sun yi tarayya a abu biyu: ƙa'idar da ake ƙulla kiran da ita, da kuma hanyar da ake matse murya kafin a tura ta, wadda masana ke kira kodek. In ɗaya ya saɓa, ko wayarka ta jika ɗari biyu ce, shiru za ka ji.

Mene ne kodek

Manomi zai fi kowa saurin gane wannan. In za ka aika hatsi Damagaram, kana iya loda damma a mota yadda suke, da zangarniya da komai, ko kuma ka sussuke ka sheƙe ka aika tsaba a buhu. Hatsin dai ɗaya ne, amma kuɗin mota ba ɗaya ba ne. Kodek shi ne mai sussukar murya: a wayar mai magana yana rage nauyinta, a wayar mai saurare yana sake gina ta. Bambancinsa da hatsi shi ne, a nan in sussuka ta yi yawa har da tsabar ake zubarwa, murya ta fito kamar daga cikin tulu.

Ana auna nauyin kodek da kilobit a kowane sakan. Dattijon cikinsu shi ne G.711, wanda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar a 1972. Yana cin kilobit 64, kusan damman ne yake aikawa ba sussuka. Iri biyu ne: wanda za ku gani a manhaja da sunan PCMA, shi ake aiki da shi a Turai da Afirka, sai PCMU na Amurka da Japan. Kusan babu na'urar waya da ba ta san shi ba, shi ya sa ake barin sa a matsayin na ko-ta-kwana.

G.729 ya zo a 1996, yana cin kilobit 8 kacal. An ƙera shi ne domin maganar mutum kaɗai, kuma a nan yana ƙoƙari ƙwarai. Amma ka kara masa kalangu ko goge a gidan biki ka ce wa na Tarabulus ya saurara, abin da zai ji ba kiɗa ba ne. Shekaru da dama sai an biya kuɗin lasisi kafin a sa shi a manhaja. Wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2017, amma har yanzu akwai manhajojin da ba su zo da shi kyauta ba.

Akwai kuma wanda ake rubuta wa GSM, mai kilobit 13, wanda wayoyin salula na farko suka yi aiki da shi. Magajinsa AMR, mai sauka da tashi tsakanin 4.75 da 12.2, shi ne galibi ke ɗaukar muryarku in kun yi kira da kiredi a ƙaramar waya. iLBC da Speex sun yi zamaninsu, har yanzu ana ganinsu a jeri. G.722 na 1988 yana da murya garau, sai dai nauyinsa ɗaya da G.711.

Wanda ya kamata kowa ya riƙe sunansa shi ne Opus. An tabbatar da shi a watan Satumban 2012, an haɗa shi ne daga fasahohi biyu, SILK na kamfanin Skype da CELT na gidauniyar Xiph. Kyauta ne, ba lasisi. Yana iya sauka har kilobit 6, ya hau har 510, kuma yana canjawa ana cikin magana: rezo ya yi ƙarfi ya buɗe murya, rezo ya yi rauni ya tsuke. Ga mutumin da ke tsaye a kan tudu bayan gari yana neman sanda biyu ta rezo, wannan halin ya fi komai amfani. Saƙon murya na WhatsApp, vokal ɗin da kuke aikawa kullum, da Opus ake naɗe shi. Daga baya manyan kamfanoni sun fito da nasu masu ƙarancin nauyi: Google ya sanar da Lyra mai kilobit 3 a 2021, kamfanin Meta mai WhatsApp kuma ya sanar da MLow a 2024, ya ce ya fi Opus fitar da murya in hanya ta tsuke sosai. Waɗannan ba ku ne ke zaɓensu ba, a cikin manhajojin kamfanonin suke.

Kada a ɗauka zancen daɗin kunne ne kawai. Tsofaffin kodek irin su G.711, G.729 da GSM suna ɗaukar sauti ne daga 300 zuwa 3,400 a ma'aunin kaifin sauti da ake rubutawa Hz, su yar da abin da ya wuce nan. To a can saman ne sautin «s» da «f» da «sh» ke rarrabuwa. Shi ya sa a waya «sati» da «Fati» ke iya zama abu ɗaya. G.722 yana kaiwa 7,000, Opus kuwa har 20,000. In kuma layi na yankewa, wutsiyar kalma ce ke fara ɓacewa: biyu da biyar, talatin da tamanin. Mu da ke lissafi da dala da jika, ga naira a gefe saboda kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, kuskuren kalma guda a maganar kuɗin rago ba ƙaramin abu ba ne.

Lissafin mega

Murya ba ta tafiya a dunƙule. Ana yanka ta ne ƙanana-ƙanana, galibi yanki 50 a kowane sakan, kowane yanki da ambulan ɗinsa mai adireshi. Ambulan ɗin kansa yana da nauyin bayit 40, wato idan an tara, kilobit 16 a sakan kafin a sa ko kalma ɗaya a ciki. Saboda haka G.711 a zahiri 80 yake ci, G.729 kuma 24.

In muka juya wannan zuwa abin da ke fita daga forfe, muka haɗa zuwa da dawowa tunda kamfanin waya duka biyun yake ƙirgawa: minti ɗaya da G.711 ya kai mega 1.2. Da G.729 kilobayit 360 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mega. Opus in an tsayar da shi a kilobit 12, kilobayit 420. Ke nan mega 100 za su ba ka minti 83 da G.711, amma da G.729 sun haura awa huɗu da rabi, da Opus kusan awa huɗu. Wannan lissafin takarda ne, a aikace yana ɗan motsawa, domin wasu manhajoji suna daina turawa in ka yi shiru, wasu kuma suna zuba milisakan 60 na murya a ambulan guda a maimakon 20, nauyin ambulan ya sauko daga kilobit 16 zuwa biyar da ɗoriya. Amma tazarar da ke tsakani ta gaskiya ce. Bidiyo kuwa wani babi ne daban, yana ninka wannan sau da yawa. Wanda forfe ɗinsa na kwana guda ne, ya ga fuskar jariri minti ɗaya ya kashe kyamara, a ci gaba da hira da baki.

Ƙa'idar ƙulla kira

Kafin murya ta fara tafiya, sai an nemo mai amsawa, an kaɗa masa waya, an yi yarjejeniya. Wannan aikin ƙa'idar kira ne, furotokol a bakin masana. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce SIP, an fitar da ita a 1999, aka sake gyara ta a 2002. Aikinta irin na dillali ne a kasuwar dabbobi: ta haɗa mutum biyu, kowa ya faɗi abin da ke hannunsa, a daidaita, ta koma gefe. Manhajarka ta ce: ina da Opus, G.729 da PCMA. Ɗaya ɓangaren ya ce: ni ina da G.729 da PCMA. Sai a ɗauki wanda duka biyun suka sani, galibi bisa jerin da aka tsara. Muryar kanta wata ƙa'ida ce ke dakonta, mai suna RTP. Ku riƙe wannan rabon aiki, zai yi amfani in mun zo kan matsaloli, domin dillali na iya gama aikinsa lafiya mai dako ya ɓata hanya.

Ban da SIP akwai H.323 ta 1996, wadda yanzu sai a tsofaffin na'urorin ofis. Akwai IAX2, ta tsarin Asterisk da Mark Spencer ya fara a 1999. Ita ta haɗa dillanci da dako a ƙofa guda, shi ya sa takan wuce inda SIP ke maƙalewa. Sai WebRTC, wadda ke ba da damar yin kira daga cikin Chrome ko Firefox ba tare da an sauke komai ba, kuma dokarta ta wajabta Opus da G.711. Gidajen rediyo da yawa a duniya ta wannan hanyar suke ɗauko muryar baƙo daga nesa, ta fito kamar yana zaune a ɗakin watsa shiri.

Manhajojin da kowa ya sani

WhatsApp, IMO, Telegram, Messenger, Signal da Botim kowace gida ce mai katanga. A ciki ba ka zaɓen kodek, ba ka zaɓen ƙa'ida, kamfani ya riga ya zaɓa maka. Mai WhatsApp ba ya kiran mai IMO, ko da kuwa a ƙarƙashi kodek ɗinsu ɗaya ne. Saboda haka ga yawancin iyalai maganar ta ƙare a nan: ku daidaita kan manhaja guda wadda ke aiki a ƙasashen biyu. A ra'ayinmu wanda duk buƙatarsa ita ce ya gaida mahaifiya ya ji labarin gona, kuma akwai babbar waya a gidan, ba shi da dalilin wahalar da kansa da SIP.

Abin da ya rage a hannunka kaɗan ne amma yana da amfani. A WhatsApp, cikin Paramètres, sashen Stockage et données, akwai maɓallin rage cin mega a lokacin kira. Ku kunna shi a wayoyin biyu. Telegram ma yana da irinsa. Tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ba ya aiki a wayar da Android ɗinta bai kai 5.0 ba, don haka mai aiko da tsohuwar waya gida ya duba wannan kafin ya ba direba saƙo.

Ƙasar da ɗan uwa yake ita ma tana da ta cewa. A Dubai da sauran Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an toshe kiran murya na WhatsApp, saƙo na wucewa amma kira ba ya shiga, sai manhajojin da hukuma ta amince da su irin su Botim. Saudiyya ta sassauta nata takunkumin a watan Satumban 2017 ga wasu manhajoji, amma kiran WhatsApp ya daɗe bayan nan bai buɗe ba, wannan na cikin abin da ya sa IMO ta yi kasuwa tsakanin ƴan uwanmu na Makka da Jidda. In na can ya ce ku sauke wata manhaja, ba iyayi ba ne, wataƙila ita kaɗai ke aiki a wurinsa. Skype kuwa, wadda ƴan boko na farko suka saba da ita, an rufe ta ranar 5 ga watan Mayun 2025. Wanda ya ce zai sa muku ita a waya, kuɗinku kawai zai ci.

In a gida ƙaramar waya ce kawai

Nan ne lissafi ke canjawa, kuma halin da gidaje da yawa ke ciki ke nan daga Waca zuwa Malawa, daga Sasumburum zuwa Dogo-Dogo. Tsohuwa tana da ƙaramar waya mai tocila, caji ɗaya ya kai ta kwana huɗu, ba ta san wani forfe ba. Mai kira daga waje yana buƙatar kamfanin da zai ɗauki muryarsa ta intanet ya sauke ta a layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, a lamba mai farawa da +227. Rebtel, Viber Out, Libon, Talk360 da Boss Revolution duka irin wannan aikin suke yi, haka ma kamfanonin da ke sayar da asusun SIP. Ba kyauta ba ne, domin kamfanin da ya mallaki layin yana karɓar kuɗin saukar kira a kowane minti. Ku duba farashin Nijar musamman, kada ku duba na Najeriya ku ɗauka ɗaya ne, sun sha bamban. Ku duba kuma ko da sakan ake ƙirgawa ko da cikakken minti, da ko akwai kuɗin da ake cirewa da zarar an ɗaga.

A irin wannan kira murya tana sauya kodek a hanya. Tana iya barin wayar mai kira da Opus, a tsakiya a juya ta G.729 don rage kuɗin dako, a juya ta G.711 a ƙofar kamfanin Nijar, ta ƙarasa kunnen tsohuwa da AMR. Kowane juyi da abin da ke zubewa, kamar awo daga tiya zuwa tiya. Shi ya sa wanda ke da intanet mai ƙarfi, misali waifai a Faransa ko Amurka, gara ya tura da G.711 tun daga farko a rage juyi guda. Tsimin mega na mai ƙaramin forfe ne.

Wani abin lura: ɗan uwa ya kira daga waje, amma lambar da ta fito a wayarku ta Nijar ce wadda ba ku sani ba. Wannan alama ce kiran ya bi ta akwatin da aka cika da layukan waya don kauce wa kuɗin sauka, abin da hukumomin sadarwa, har da ARCEP ta ƙasarmu, ke ɗauka a matsayin zamba. Irin wannan hanya tana da araha, amma murya na zuwa a makare, kira na yankewa, kuma in kuka sake kiran lambar ba shi za ku samu ba.

Neman manhaja mai SIP

Masu buƙatar wannan su ne wanda wurin aikinsa ya ba shi asusu, ƙungiyar ƴan asalin gari da ke son layi guda na kowa, ɗan kasuwa mai rumfa a Kano da wata a Magarya, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da gidajen rediyo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara sauke manhaja sannan a nemi inda za ta yi aiki. Daga kamfanin da ya ba da asusun ake farawa. A tambaye shi: SIP ne ko IAX2? Waɗanne kodek kuke karɓa? Ta wace ƙofa, 5060 ta kullum ko 5061 mai ɓoye zance? Sai ya ba ku abu uku, sunan shiga, kalmar sirri da adireshin uwar na'urarsa. Da wannan a hannu ne ake zaɓen manhaja.

Linphone ita muke fara ambata wa mutane. Ƴar Faransa ce, kamfaninta na birnin Grenoble, ta faro tun 2001, kyauta ce, tana aiki a Android, iPhone da kwamfuta, ana iya sa ta da Faransanci, tana da Opus, G.722, G.711 da wasu, kuma ana cikin kira tana nuna kodek ɗin da ake amfani da shi da nauyin da yake ci. Tana ba da asusu kyauta, amma na kiran mai SIP ne zuwa mai SIP, ba ya kiran lambar salula. Zoiper ita ce ta wanda aka ce wa IAX2, domin tana jin ƙa'idojin biyu. Sai dai wasu abubuwanta sai an saya, G.729 ya daɗe a cikinsu. A kwamfuta mai Windows, MicroSIP ƙarama ce ƙwarai, tsohuwar na'ura ma tana ɗaukarta. Baresip da Sipdroid na Android ne, marasa nauyi, amma saitinsu sai mai haƙuri. Groundwire da Bria na kuɗi ne. Da can wayoyin Android suna da SIP a cikin manhajar kira ta asali, an cire shi daga Android 12, don haka kada ku ɓata lokaci kuna nema a sabuwar waya.

Kada ku tsaya ga abin da aka rubuta a tallar manhaja. Sigar Android da ta iPhone ba kullum suke zuwa da kodek iri ɗaya ba, ta kyauta da ta kuɗi ma haka. Hanya mafi tabbas ita ce a sauke, a shiga saiti, sashen Audio, a ga jerin da ido. A nan ake kunnawa da kashewa, a wasu manhajojin har a ja wanda ake so sama. Ga mai kira da forfe a yankinmu, tsarin da ya dace shi ne Opus a sama in kamfanin ya san shi, G.729 ko GSM a biye, PCMA a ƙasa. Kada a kashe PCMA ɗin gaba ɗaya, ranar da sauran suka ƙi shi ne zai fitar da ku.

A sauke daga Play Store, App Store, F-Droid ko shafin masu manhajar. Mun san al'adar rumfar caji, inda yaro zai tura maka komai ta Xender cikin minti biyu ba ka kashe mega ko ɗaya ba. Ga waƙa da fim babu laifi. Amma manhajar da za ka zuba wa kalmar sirrin asusu mai kuɗi a ciki, ba ka san hannun da ta bi ba. Ɓarayin asusun SIP suna nan, kuma cikin dare ɗaya suke cinye kuɗin da kiran ƙasashen waje. Haka WhatsApp ɗin jabu irin su GB, kamfanin yana rufe lambar da ya kama da su. Ku sani kuma kiran WhatsApp da Signal a ɓoye yake daga waya zuwa waya, na SIP kuwa a buɗe yake sai an kunna TLS da SRTP, kuma sai kamfanin ya yarda da su.

In kira ya ƙi

Manhajojin SIP suna faɗin ciwonsu da lamba, wanda ya san lambobin ya huta da zuwa wurin mai gyara. 488 na nufin ba a samu kodek ɗin da ɓangarorin biyu suka sani ba: koma jeri ka kunna PCMA da PCMU. 401 ko 403 da suka ƙi wucewa, sunan shiga ne ko kalmar sirri, wani lokacin kuma kuɗi ne suka ƙare. 404, lambar ce ba daidai ba, galibi an manta 227 ko an sa 00 inda ba a so. 408, saƙo bai isa ba sam, ko rezo ne ko an toshe ƙofar. 486 ba matsala ba ce, mutumin yana kan wani kiran.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce waya ta kaɗa, a ɗaga, kai kana ji shi ba ya ji, ko duka biyun shiru. Dillali ya gama, mai dako ne ya ɓata. Dalili shi ne kamfanonin salula suna ɓoye dubban wayoyi a bayan adireshi guda, murya mai dawowa ta rasa ƙofar da za ta shiga. Maganinta a saitin Réseau yake: a kunna STUN da ICE, ko a koma TCP ko TLS, ko a nemi IAX2 in kamfanin yana da ita. In kuma kana danna 1 ko 2 a kiran banki na'ura ba ta ji, saitin DTMF ne, a mayar da shi RFC 2833.

Sai jinkiri. ITU ta ce in murya ta isa cikin milisakan 150, ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na sakan, hira na tafiya daidai. In ta haura 400 ta lalace. Mu Hausawa mun fi kowa jin wannan, domin gaisuwarmu karɓa-karɓa ce: kana «ina kwana» shi ma yana «ina kwana», ku yi shiru tare, ku sake farawa tare. Babu kodek da ke maganin jinkiri, daga hanya yake.

Rezon yankinmu

Ku dubi harafin da ke saman waya kusa da sandunan rezo. In G ne ko E, wato 2G, kiran intanet zai wahala ko da wane kodek, saboda jinkirin ya yi yawa. A nan vokal ya fi, domin shi yana jira ya tafi a hankali ya isa cikakke. H ko 3G suna ɗaukar murya, 4G har bidiyo. Yawan sanduna ba ya nufin hanya a buɗe take: ranar kasuwa da bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ke kan waya, eriya guda ce ake rabawa. Da sassafe bayan asuba kira ya fi fita.

Mutanen bakin iyaka, wajen Tinkim da ƙauyukan da ke fuskantar Babban Mutum, Babura da Maigatari, suna da ƙarin abin lura. Waya takan tsallaka da kanta ta kama eriyar Najeriya, in layin Nijar ne a ciki sai a shiga cajin yawo, kiredi ya narke ba a sani ba. A kashe Itinérance des données, a zaɓi rezo da hannu. Mai layi biyu kuma, na nan da na MTN ko Airtel ta Najeriya, ya tabbatar wane ne ke ba da intanet kafin ya fara kira. Lambar WhatsApp ɗinsa ba ta canjawa ko da wane layi ya hau.

Hanyar tana faɗaɗa a hankali. Aikin zaren intanet na ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, yana da reshe daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. Starlink ma ya fara aiki a Nijar a 2025, kuma da yake taurarinsa na kusa da ƙasa, jinkirinsa bai kai na tsofaffin taurarin da ke nisan kilomita 36,000 ba. Inda ake sayar da waifai na awa daga irin wannan na'ura, nan ne wurin yin kiran bidiyo da sauke manhaja, a bar forfe don murya.

Kafin ku zuba kuɗi masu yawa a kowane asusu, ku sa kaɗan ku gwada a lokacin da kuka saba kira, daga inda kuka saba tsayawa. Kamfanoni da yawa suna da lambar gwaji mai maimaita maka muryarka; ku tambaya, ku ƙirga daga ɗaya zuwa goma ku ji ko duka sun dawo. In maganar kuɗi ce ko ta magani, bayan an gama kira a bi ta da rubutaccen saƙo mai lambobi, a kuma faɗi ko sefa ce ko naira.